Ƙwaryar Inno da Duniya ta Takwas

Birnin Kebbi,
2 ga Agusta, 2024

Yaya Laure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Gwaggo Inno? Mu nan lafiya lau, sai matata Rauda da ta yi fama da zazzaɓi, ta kuma samu sauƙi.

Na kira ki sau uku, hayaniyar kasuwa ba ta bari mun ji juna ba, shi ya sa na ba Tamba direba wannan takarda. Kin san ban da koyarwa ina gabatar da shirin kimiyya da Hausa a rediyo duk Alhamis da la'asar. Mun bi duniyoyin da ke zagaya rana ɗaya bayan ɗaya, yanzu mun iso ta takwas, ta can ƙarshe, wadda ake kira Neftun. Ido ba ya ganinta. Hasken rana sai ya yi tafiyar awa huɗu kafin ya kai mata, kuma shekararta ɗaya shekarunmu ɗari da sittin da biyar ce.

Yadda aka gano ta shi ne abin mamaki. Masana sun lura maƙwabciyarta Yuranus tana ɗan kaucewa daga hanyar da ya kamata ta bi. Sai wani Bafaranshe ya ce lallai akwai wani abu mai nauyi da ke janta. Ya zauna da alƙalami ya yi lissafi, ya aika wasiƙa ga wani mai madubin hangen nesa a Jamus, ya ce duba wuri kaza. Aka duba, aka same ta. A shekarar 1846 ke nan.

Ga inda nake neman taimakonki. Sunan Neftun na wani abin bautar Rumawan dā ne, wanda suka ɗauka shi ne mai mulkin teku, suna zana shi da mashi mai baki uku. Watanninta goma sha shida da aka sani, su ma duk sunayen iskokin ruwa aka ba su. Ina so in kusantar da abin ga masu sauraro. Ku ne a bakin gulbi. Me mutanen dā suke cewa game da 'yan ruwa? Ki rubuto min duk abin da kika sani, don Allah da rubutu mai karantuwa.

Ƙaninki,
Izzuddeen


Argungu,
6 ga Agusta

Taubashina, Malamin cikin akwati,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin fetur. Muna lahiya. Ƙafar Inno na nan yadda ka san ta, da safe ta ƙi, da hantsi ta yarda. A gaida Rauda da jiki, ka kuma saya mata nama, zazzaɓin matan malamai rabinsa yunwa ne.

Shekara huɗu ba ka taka Argungu ba, sai yau da ka rasa abin faɗi a rediyo ka tuna kana da dangi masunta. Ba komi. Mu 'yan kasuwa ba mu fushi da mai saye don ya daɗe bai zo ba.

Na karanta labarin duniyar taka har sau biyu, na kuma karanta ma matan layinmu na masu kifin banda. Zuhura mai tarwaɗa ta ce in shekara ɗaya can ɗari da sittin da biyar ce, to can ya kamata a kai mijinta, ko ya cika alkawarin gyaran ɗaki cikin shekara guda. Ni kuwa Bafaranshen nan ne ya burge ni, amma ka gaya mashi bai zo da sabon abu ba. Ni ma in na ga 'yan kwale-kwale sun fara yi mani tsada ba dalili, na san wani babban mai saye ya sauka gari ya ɓoye. Ba sai na gan shi ba, har masaukinshi ina iya nuna maka. Aji uku na yi a sakandare, sauran lissafin kasuwa ta ƙarasa mani.

To, batun 'yan ruwa. Tsofaffi na cewa kowane gurbi mai zurfi na da mai shi. Wai suna da garuruwa ƙarƙashin ruwa, da shanu, da kasuwa, ban dai ji an ce suna sayen banda ba. Dā in za a buɗe kamun kifi, sai masu ruwa sun shiga sun nemi izini tukuna, wani gurbin a zuba nono, wani a yanka baƙar akuya. In kada ya kama mutum sai a ce an yi ma mai gurbi laifi. Yanzu duk an bari, ko kuma in ce an bar yi da rana. Mashin mai baki uku kuwa ka ce ma Rumawa su maido muna kayanmu, akwai irinshi rataye a zauren kakanmu.

Bari in ƙara maka gyara, tunda kai na gida ne, amma wanga tsakanina da kai. Ka tuna yayana Zulkifilu da gulbi ya ci, yau shekara talatin da ɗaya, ba a ga ko rigarshi ba? Tun daga lokacin, duk shekara in ruwa ya cika, uwarmu Inno na ɗaukar ƙwarya rufe da faifai bayan sallar asuba, ta tafi inda kwale-kwalenshi ya kife, ita kaɗai. Ta yi 'yan maganganu, ta juye ƙwaryar cikin ruwa, ta dawo ba ta ce ma kowa uffan. Ita da duk unguwa ke kira wankan gawa! Mi ke cikin ƙwaryar? Ka zo Argungu da ƙafarka in gaya maka. Ba a buɗe kwando duka ga mai tayi daga nesa.

Ladana kuwa ba tsada. In ka gama bayanin taurarinka, ka gaida Laure mai banda, rumfa ta uku daga ƙofar gabas, karfasa da giwan ruwa masu tsabta. Ka faɗe shi sarai, kada ka haɗiye rabi yadda kukan yi.

Inno na gaishe ka. Kwanan nan kusan kullum tana gidan aminiyarta Ma'u, wadda ciwon ciki ya kwantar tun bayan babbar salla.

Yayarka,
Laure


Argungu,
18 ga Agusta

Izzuddeen,

Sallama dai wajibi ce, to assalamu alaikum. Lahiyar jiki muna da ita.

Na kira ka sau goma sha ɗaya tun ranar Alhamis. Ka san lambata, shi ya sa ba ka ɗauka.

Ranar na tara mata a rumfata, na ƙure rediyo, har na saya masu ƙosai. Munka saurari nisan duniyarka, da iskarta da ka ce ta fi jirgin sama gudu, da mai mashi na Rumawa. Sai kuma na ji muryarka ta canza, ta koma ta wa'azi. Bari in maido maka abin da ka ce, don na haddace shi, yanzu yana yawo cikin wayoyin mutane:

“Kada mu yi wa Rumawa dariya. Nan kusa, a Argungu, akwai tsohuwa mai wankan gawa, wadda gulbi ya ci ɗanta, har gobe tana kai wa ruwa ƙwarya duk shekara. Neftun tana da nisa, amma jahilci yana bayan ɗakinmu.”

Ba a yi minti biyar ba ka ce, “Shirin yana gaida Laure mai banda, rumfa ta uku daga ƙofar gabas.” Sarai ka faɗe shi, ba ka haɗiye ko harafi ba. Zuhura ta aje ƙosanta, ta dube ni, ta dubi ƙasa.

Na san abin da za ka ce, wai ba ka faɗi suna ba. Malam, kai da bakinka ka gama koya ma jiha guda yadda ake gano abu ba tare da an gan shi ba. Tsohuwa, mai wankan gawa, ɗanta ya nutse, ga kuma Laure can gefe ana gaishe ta. Ko ɗan aji ɗaya ya iya wanga lissafi. Kafin magariba unguwa ta nuna wurin, aka duba, aka samu Inno.

Yanzu ka buɗe kunnenka ka ji abin da ke cikin ƙwaryar. Ruwa ne da ganyen magarya da ɗan kafur, irin wanda ake wanke mamaci da shi. Zulkifilu bai samu wanka ba, bai samu likkafani ba. Abin da ya sa Inno ta koyi wankan gawa ke nan, ta ce tunda nata ya tafi haka, ba za ta bari 'yar wani ta tafi ba sutura ba. Matan da ta wanke a garin nan sun fi ɗari uku, ba ta taɓa karɓar ko goro ba. Sau ɗaya a shekara take zuwa inda ɗanta yake ta zuba mashi ruwan wankanshi, ta yi mashi addu'a. Maganganun da na ce tana yi, salati ne da neman gafara. Wanga ne ka ɗora kusa da gunkin Rumawa.

Jiya anka yi rasuwa bayan masallaci, wata mai jego. Inno ta ji kuka, ta ɗauko tsummanta da sabulu ta zauna bakin ƙofa tana jiran ɗan aike, kamar yadda ta saba. Har anka ɗauki makara ba wanda ya zo. Mansura sunka kira, malamar Islamiyya, yarinyar da Inno ta koya ma yadda ake juya mamaci. Inno ba ta jin rediyo, ba ta da waya. Ta ce mani, “Ko sun ga ƙafata ce sunka tausaya?” Na ce awo, haka ne. Na yi ƙarya iri-iri a kasuwa, ba wadda ta taɓa yi mani nauyi sai wagga.

Ga abin da ya fi damuna. Ma'u ba ta da sauran kwanaki masu yawa, asibiti sun sallamo ta gida. Ita da Inno tun suna 'yan mata suke tare, kuma sun yi alkawari gaban mutane, wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta wanke ta. Jiya da la'asar Hodi, babban ɗan Ma'u, ya tare ni a hanya ya ce, “Yaya Laure, ki ce ma Inno ta huta da zuwa gidanmu. Hannun da ke kai ma ruwa hadaya ba zai taɓa uwata ba.”

Abu biyu nake so. Ka zo Argungu ka zauna gaban Hodi da Liman ka ce ka yi kuskure. Sannan ranar Alhamis ka faɗa a akwatin da ka ɓata ta. Motar Tamba na tashi ƙarfe bakwai, tafiyar ba ta kai awa biyu ba.

Laure


Argungu,
25 ga Agusta

Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Tamba ya rantse mani hannunka ya saka takardata, har ya ce kana cin masara lokacin. To ta isa.

Alhamis na kunna rediyo ni kaɗai, cikin ɗaki. Na ji ka rabin awa kana bayanin jirgin da ya wuce ta kusa da Neftun a 1989 ya aiko da hotuna. Jirgi ya je ƙarshen duniyoyi ya aiko da saƙo, kai kana Birnin Kebbi ka kasa aiko da layi biyu.

Na je wurin Liman da kaina. Ya saurare ni, mutumin kirki ne, ya ce shi bai taɓa ganin wani abin ƙi ga Inno ba, amma gawa ta iyalanta ce, ba ya tilasta ma Hodi. Na je wurin Hodi na gaya mashi batun magarya. Ka san mi ya ce? “Yaya Laure, ke da ke sayar da kifin shekaranjiya ki ce na yau ne? Malami ɗan malamai ya faɗa a rediyo, ke kuma yanzu kin zo da ganye.” Kasuwar da ta ciyar da ni ita ta kashe mani shaida. Maganarka kaɗai zai ji, don gidanku gidan littattafai ne, mu kuwa gidan taru.

Inno ta je gaida Ma'u ranar Talata da kunun tsamiya. Anka karɓi kwanon a zaure, anka ce mai jiki na barci. Ta dawo tana dogara sanda, ta zauna, ta daɗe tana kallon hannuwanta. Ba ta sake cewa don ƙafarta ne ba.

Ma'u ta bar cin abinci. Ka zo.

Laure


Birnin Kebbi,
28 ga Agusta

Yaya Laure,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya. Allah Ya ba Inna Ma'u sauƙi. Ki yi haƙuri da jinkiri, muna tsakiyar duba takardun jarrabawa, kuma gaskiya na so zuciyarki ta ɗan sauka kafin in amsa.

Abin da ya faru ya dame ni ƙwarai. Gwaggo Inno 'yar wan kakana ce, ba zan so a wulaƙanta ta ba. Amma ki yi min adalci. Takardarki tana gabana. Na tambaye ki game da 'yan ruwa. Kika kawo nono, kika kawo baƙar akuya, kika ce an bar yi da rana, sannan nan take kika kawo ƙwaryar Gwaggo, har da cewa “ita da duk unguwa ke kira wankan gawa!” Wane mai karatu ne zai fahimci wani abu dabam? Kin san abin da ke cikin ƙwaryar, kika rufe. Kin ce tsakanina da ke, na yarda, shi ya sa na cire suna. Gaisuwar kuma ke kika nema, har kika ce kada in haɗiye rabi.

Sannan, ba don in ƙara miki zafi ba, ko yadda kika bayyana shi ɗin ma, zuba ruwan magarya a gulbi ba shi da asali a addini. In na fito na wanke shi gaba ɗaya, malaman nan za su taso min, kuma kin san sunan gidanmu.

Ga abin da zan iya. Shirye-shiryen ana naɗarsu ne tun da wuri. Na gobe da na mako mai zuwa an riga an gama, a kan Tiraiton ne, babban watan Neftun. Zai ba ki sha'awa, shi kaɗai ne cikin manyan watanni yake zagayawa a baibai, saɓanin juyin uwar ɗakinsa, don ana jin ba tare aka halicce su ba, kamo shi ta yi daga waje. A shirin 12 ga Satumba zan samu minti biyu in ce wani misali da na kawo yana buƙatar ƙarin bincike. Argungu kuma, in Allah Ya so, zan shigo Asabar ta sama, 7 ga wata, in na miƙa sakamako. Zan ga Malam Hodi, mu fahimci juna cikin natsuwa.

Ki gaida Gwaggo. Ina ganin gara kada a gaya mata komai yanzu.

Ƙaninki,
Izzuddeen


Argungu,
30 ga Agusta

Malam,

Na gode da aka samu sarari tsakanin jarrabawa da masara.

Ban musa ba. Na yi maka abin da nake yi ma mai saye, na ɗora babba a sama na rufe sauran, don in ja ka ka zo gida. Na yi talla da uwata don a faɗi rumfata a rediyo. Wanga nawa ne, ni zan ɗauka. Amma mai saye na kirki in ya ga kwando rufe yakan ce buɗe in gani. Kai da ka ce Bafaranshenka sai da ya aika anka duba da ido kafin ya yi shela, mi ya hana ka kira ni minti ɗaya ka ce, Yaya, mi ke cikin ƙwaryar? Ba ka tambaya ba don amsar na iya ɓata maka misali.

“Ƙarin bincike.” Haka za ka ce ma Hodi? Ba na neman ka ce abin da take yi sunna ne. Ka ce ba bauta ba ce, ka ce uwa ce da ba ta ga gawar ɗanta ba. Malaman Birnin Kebbi ba za su cinye ka a kan haka ba, in ma sun cije ka, kana da nama.

Asabar ta sama ta yi nisa. Matar Hodi ta gaya ma Zuhura cewa Ma'u in ta farka sunan Inno take kira, su kuma su ce mata ƙafa ta hana ta zuwa. Bar sakamakon nan, gobe ma Asabar ce. Na riga na ce ma Tamba ya aje maka gidan gaba.

Laure


Argungu,
5 ga Satumba

Izzuddeen ɗan Baffa,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ma'u ta rasu jiya Laraba da hantsi. An yi mata sutura bayan azahar. Ka yi mata addu'a, wannan dai ba ya buƙatar bincike.

Ranar Asabar na tsaya tasha har motar Tamba ta iso. Buhun albasa ne a gidan gaba.

Da munka ji kukan, Inno ba ta jira ɗan aike ba. Ta ɗauki tsummanta da sabulu da kafur ta ce in kama ta. Tafiyar da yaro ke yi da gudu ɗaya, mun yi ta kusan rabin awa. Zauren cike da maza. Hodi ya taso ya durƙusa har ƙasa, don yaro ne mai ladabi, Inno ce ta yanke mashi cibi. Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, an riga an samu mai yi.”

Inno ta ce, “Hodi, alkawari ne tsakanina da uwarka.”

Ya ce, “Na sani, Inna. Ki yi haƙuri.” Bai matsa daga ƙofar ba.

Liman na zaune, ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki, Inno ta matse mani hannu. Sai ga Mansura ta leƙo daga ciki, hannun riga naɗe, idonta jawur. Inno ta miƙa mata kafur ɗin ta ce, “Kafaɗarta ta hagu ta taɓa gocewa, ki bi ta a hankali. Kitson kuma kashi uku za ki yi mata, ba ta son a ja mata gashi.” Mansura ta karɓa da hannu biyu tana kuka. Munka juyo. Shekara sittin da wani abu suna tare, ko fuskarta ba ta gani ba.

Ka ce gara kada a gaya mata. Da munka iso gida na zaunar da ita, na durƙusa, na gaya mata duka. Takardarka, da tawa, da gyaran da na ƙara maka, da rumfa ta uku daga ƙofar gabas. Ban rage ma kaina ba, kai ma ban rage maka ba.

Ta bar ni har na gama. Sannan ta ce, “Na ji tun ranar kunun tsamiya. Yaran zaure sun kunna mani a waya, suna dariya. Na gane muryar ɗan Baffa. Abin da ban sani ba shi ne wa ya ba shi, don duk duniya mutum biyu sunka san da ƙwaryar nan, Ma'u da ke. Kwana goma sha biyar ina roƙon Allah Ya sa ba Ma'u ba ce.” Ta ƙara da cewa, “To alhamdu lillahi. Ta tafi ban riƙe ta da komi ba.”

Na ce ta yafe mani. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kai ma ta yafe maka, in rubuta in gaya maka. Ga shi na rubuta. Har na fara jin sanyi a raina, na tashi zan ɗora mata ruwan zafi. Sai ta kira ni.

Ta ce, “Laure, mai wanka abu biyu ake nema gare ta, hannu mai taushi da baki mai nauyi. Abin da ta gani a jikin mamaci da shi ake rufe ta. Dā na yi niyyar in tawa ta zo ke za ki wanke ni. Gobe ki kira mani Mansura, ina so in yi mata wasiyya.”

Na je na ɗora mata ruwan zafin.

Kada ka zo ranar Asabar, ba sauran abin da za ku fahimta kai da Hodi. Minti biyun naka na ranar sha biyu ga wata kuma ka riƙe abinka, kada sunan garin nan ya sake fita daga bakinka. In Rauda na son kifi ta aiko Tamba, zan zaɓa mata mai kyau kamar kowane mai saye.

Yau Alhamis, la'asar ta yi, na san kana can cikin akwati. Ni zan aje biro nan. Mansura ta iso, tana ɗakin Inno, sun ce in ja masu ƙofa daga waje.

Laure